Arba'in da Biyu: wasan dominon da ake tayi da lissafin asara

Sabon shiga a teburin Arba'in da Biyu, da zarar ya ɗaga ƙwayoyinsa bakwai ya ga masu ɗigo da yawa, sai fuskarsa ta washe. Ga 6-6, ga 6-5, ga 5-4, shi a ganinsa an gama. Tsohon hannu kuwa idonsa yana wuce manyan ya tsaya kan guda ɗaya ko biyun da ba za su iya tsare kansu ba, yana tambayar kansa: idan wannan ta fita, me za a ɗora mata? Kusan duk dabarar wasan daga wannan tambayar ta tsiro.

Wasan na mutanen Teksas ne, a Amurka. Labarin da suke bayarwa shi ne wasu yara biyu, William Thomas mai shekara 12 da Walter Earl mai 14, su suka ƙirƙiro shi a 1887 a wani ɗan gari da yanzu ake kira Garner, yamma da Fort Worth. Gidajensu na 'yan ɗarikar Baptis ne, masu ɗaukar karta aikin shaiɗan, amma ba su ga laifin domino ba. Sai yaran suka ɗebo tsarin karta suka ɗora wa domino. Ko labarin haka yake ko an ƙara masa gishiri, ya yi daidai da kamannin wasan, don jikinsa na domino ne, halinsa na karta. A 2011 majalisar dokokin jihar ta ayyana shi a matsayin wasan dominon jiha, kuma duk shekara ana gasar zakarun jiha a garin Hallettsville.

Mutum huɗu ke yinsa, biyu-biyu, kowa yana fuskantar abokinsa. Ƙwayoyi 28 ne, daga 0-0 zuwa 6-6. A kife su, a cakuɗa, kowa ya ja bakwai. Ba a jera su baki da baki kamar dominon da aka saba gani. A kowane zagaye kowa zai ajiye guda ɗaya, wanda tasa ta fi ƙarfi ya kwashe huɗun, kuma shi zai buɗe zagaye na gaba. Zagaye bakwai ne, kowanne maki ɗaya. Sai ƙwayoyi biyar masu maki a jikinsu, waɗanda ɗigonsu ya haɗa goma ko biyar: 5-5 da 6-4 goma-goma, 5-0 da 4-1 da 3-2 biyar-biyar. Talatin da biyar ke nan, a haɗa da bakwai na zagaye, 42. Daga nan sunan ya fito.

Kowace lamba dangi ce mai 'ya'ya bakwai, tagwayenta a sama, sauran suna biye bisa girman ɗaya gefen. A dangin huɗu, misali, 4-4 ce babba, sai 6-4, sai 5-4, har ƙasa zuwa 4-0. Duk ƙwayar da ba tagwaye ba 'yar gida biyu ce. Idan kai ka buɗe da ita, babban gefenta ne dangin da ka kira. Idan wani ya buɗe, kowane gefenta na iya jawo ta, kuma in kana da ɗan dangin da aka kira dole ka bi. Kafin a fara, kowa yana da baki ɗaya na tayi, wato ya faɗi makin da shi da abokinsa za su ci, daga 30 zuwa sama, ko ya ce ya wuce. Wanda tayinsa ya fi na kowa, shi zai naɗa dangin da ke da sarauta a wannan hannun. 'Yan sarauta suna doke kowa, kuma da an naɗa su sun bar ɗaya gidan nasu: idan uku ce sarauta, 6-3 ta daina zama 'yar shida.

To, mai tayin 30 me ya ce a zahiri? Cewa ya yi shi da abokinsa ba za su rasa fiye da 12 ba. Abokan hamayya kuwa maki 13 kawai suke nema su karya shi. Da wannan idon ake karanta tayi, kuma da an karanta shi haka sai a ga lambobin ba tsani ba ne mai matakai daidai wa daida. Zagaye guda da ya tafi da mai goma ya ci maka 11. Wanda ya tafi da mai biyar ya ci 6. Saboda haka 30 na jure asarar masu biyar guda biyu a zagaye biyu, ko mai goma ɗaya da wani zagayen da babu komai a cikinsa. Tayin 31 na jure mai goma ɗaya, daga nan babu ƙari. Da ka ce 32 ka rantse ke nan cewa 5-5 da 6-4 duka gidanka za su kwana. Daga 32 zuwa 36 bambancin kaɗan ne, dukkansu suna jure mai biyar ɗaya, abin da ya raba su yawan zagayen banza da za ka iya saki. A 37 kuma ko mai biyar ɗaya ba ka da halin rasawa. Ramuka biyu ne a hanyar, ɗaya tsakanin 31 da 32, ɗaya tsakanin 36 da 37, kuma wanda ya ƙara ɗaya a kan tayin wani ba tare da ya duba ko a bakin rami yake ba, shi ne ake karyawa yana mamaki.

Ƙwayar da ba 'yar sarauta ba, ba kuma tagwaye ba, ni maraya nake ce mata, don ba ta da mai tsaya mata. Marayu ba ɗaya suke ba. Nauyin kowace ya danganta da makin da ke zaune a danginta. Dangin biyar na ɗauke da 15, wato 5-5 da 5-0. Dangin huɗu ma 15, 6-4 da 4-1. Dangin shida 10. Uku, biyu, ɗaya da fanko, biyar-biyar. Ke nan maraya irin 2-1 ko 1-0 ɗan ƙaramin ciwo ce, 5-4 kuwa, wadda sabon shiga ke murna da ita, ita ce mafi sharrin abin da za ka riƙe. Ka buɗe da ita ka kira 5-5 da 5-0. Wani ya buɗe huɗu ya jawo ta tare da 6-4 da 4-1. Maki talatin ke kewaye da ƙwaya ɗaya.

Abin daɗin shi ne naɗin sarauta yana sauya wannan awon. Idan huɗu ce sarauta, 6-4 da 4-1 sun koma fada, dangin shida da dangin ɗaya sun zama babu maki ko ɗaya a cikinsu, maraya irin 6-1 ta koma kusan ba ta da haɗari. Idan shida ce sarauta, dangin huɗu ya ragu daga 15 zuwa 5. Shi ya sa mai hannun da zai iya naɗa dangi biyu bai kamata ya tsaya kan wanne ya fi yawa a hannunsa kawai ba. Wani lokaci uku masu ƙarfi da ke sauƙaƙa marayunka sun fi huɗun da za su bar ka da 5-4 tsirara.

Bari mu zauna a tebur mu ga hannu ɗaya daga farko har ƙarshe. Mu kira 'yan wasan da kusurwoyi: Kudu da Arewa abokai, Yamma da Gabas abokai, wasa yana tafiya daga Kudu zuwa Yamma zuwa Arewa zuwa Gabas.

Kudu: 3-3, 6-3, 5-3, 3-1, 2-2, 1-1, 5-4
Yamma: 5-5, 5-1, 4-3, 6-0, 4-0, 2-1, 1-0
Arewa: 6-6, 6-1, 5-2, 5-0, 4-1, 3-2, 0-0
Gabas: 6-5, 6-4, 6-2, 4-4, 4-2, 3-0, 2-0

Kudu ya taya 30, tayin ya tsaya a kansa, ya naɗa uku. Hannu ne mai kyan gani: 'yan sarauta huɗu har da manyan ukun, tagwaye biyu, maraya ɗaya tak. Ya buɗe da 3-3. Yamma ya bi da 4-3, Arewa da 3-2, Gabas da 3-0. Sa'a ta yi, sauran 'yan sarauta uku duk sun zube a zagaye ɗaya, maki 6 sun shigo.

Yanzu abin da zuciya ke raya wa kowa shi ne ya ci gaba da kwasa. Kudu ya saki 6-3, 5-3, 3-1, sannan 2-2 da 1-1, kowanne yana ci. Arewa, abokin kirki, ya zuba masa 5-0 da 4-1 a hanya. Zagaye shida a jere, maki 21, saura tara. Sai dai duk wannan lokacin su Yamma da Gabas suna zubar da tarkace ne, kowa yana rungume da abu ɗaya. Yamma ba zai saki 5-5 ba, Gabas ba zai saki 6-4 ba, don wa zai miƙa goma kyauta? Zagaye na bakwai Kudu ya ajiye 5-4. Yamma ya danne ta da 5-5, Gabas da tuni ya rabu da 6-5 ya ɗora 6-4. Maki 21 a zagaye ɗaya. Kudu ya ci shida cikin bakwai kuma an karya shi.

A mayar da ƙwayoyin hannu, a sake daga zagaye na biyu. Wannan karon Kudu ya fitar da 5-4 nan take. Yamma ya ci da 5-5, wannan babu makawa. Arewa na da 5-2 da 5-0, ya ba da 5-2 ya ɓoye mai makin. Gabas fa? 6-4 na hannunsa, yana so ya ɗora, amma yana da 6-5, 'yar biyar ce, doka ta ce ya bi. An tafi da 11. Yamma ya buɗe 4-0 yana fatan abokinsa na da 4-4, kuma yana da ita, sai dai Kudu ba shi da sauran huɗu, ya sare da 'yar sarauta 3-1 ya kwashe har da 4-1 ta Arewa. Daga nan duk abin da ya rage a hannunsa mai ci ne, 6-4 kuma dole ta faɗo masa kafin a tashi. Ya gama da 31.

Hannu ɗaya, zagaye ɗaya aka rasa a duka hanyoyin biyu. Bambancin lokacin da aka rasa shi ne. Da wuri, hannun kowa cike yake, dokar bin dangi tana ɗaure abokan hamayya. A ƙarshe, kowa ya tace hannunsa ya bar mafi tsada. Ba na cewa fitar da maraya da wuri laya ce. Da Gabas ba shi da biyar ko ɗaya, da 6-4 ta hau ko ta yaya, da kuma 5-0 a hannunsa take da an tafi da 16. Amma a hanya ta farko Kudu da kansa ya ba su zagaye biyar na shiri. A lura kuma da cewa da 32 ya taya, ko wasan da ya fi kowanne kyau ba zai fisshe shi ba. Wannan hannun, duk kyansa, na 31 ne.

Zubewar 'yan sarauta uku a zagaye ɗaya da muka gani, kada a saba da ita. Mai riƙe da huɗu, ukun da suka rage suna cikin ƙwayoyi 21 da ke hannu uku. Hanyoyin rabuwarsu 1,330 ne, a cikinsu 343 ne kawai ke ba kowa ɗaya-ɗaya, wato kusan sau ɗaya cikin huɗu. A hanyoyi 658, kusan rabi, ɗaya daga abokan hamayya na riƙe da biyu ko duka ukun. Ma'anar wannan a aikace ita ce tagwaye kaɗai ba ta isa ba. Mai 3-3 da 3-2 da 3-1 da 3-0 yana da huɗu, amma idan 6-3 na hannun abokin hamayya tare da 'yar rakiya, zai ba da ƙaramar a zagayen farko ya zauna da babbar yana jira. Mai 3-3 da 6-3 kuwa yana da bugu biyu tabbatattu, abin da zai gagare shi sai ukun sun taru a hannun abokin hamayya ɗaya, hanyoyi 70 cikin 1,330, kusan biyar cikin ɗari. Ko mai riƙe da biyar bai tsira sarai ba: sau ɗaya cikin biyar, biyun da suka rage suna hannun abokin hamayya ɗaya.

Akwai kuma kuskuren da ke ɗaya gefen, na mai ci gaba da kiran sarauta bayan abokan hamayya sun ƙare. Idan Yamma da Gabas duka sun kasa bi, sauran na hannun abokinka, kuma duk wadda ka kira ka ƙone biyu ne a zagaye ɗaya. Waccan ƙwayar da ka zare masa, da ita zai sare marayarka.

Wannan ya kawo mu kan aboki, wanda shi ne rabin wasan kuma ba ka ganin hannunsa. Duk ƙwayar da ba ta hannunka, damar tana wurinsa ɗaya ce cikin uku, damar tana wurin masu neman karya ka biyu cikin uku. Mai tayi yana cewa a ransa "ai abokina zai riƙe 5-5" ya jingina ne da bangon da sau biyu cikin uku babu shi. Abin da ya dace a sa rai daga aboki taimako ne na gaba ɗaya, tagwaye ɗaya ko mai maki ɗaya a wani wuri. A ɗora masa buƙata guda takamaimai, wannan caca ce. A ɗora masa biyu, wannan zalunci ne, kuma galibi mai yin haka shi ne mai fara harara idan hannu ya lalace.

Shi abokin mai tayi aikinsa kashi biyu ne. Na farko ya san lokacin zuba maki. Idan mai tayi ya buɗe da tagwayen sarauta kai kuma ba ka da abin bi, zuba mafi tsadar abin da ke hannunka, musamman 6-4, wadda ita ce mai goman da ba ta da kariya: a dangin shida 6-6 da 6-5 na doke ta, a dangin huɗu 4-4 na doke ta, kuma gida biyu ke iya kiranta. 5-5 ba ta da wannan gaggawar, don in aka kira biyar ita ke ci, sai dai a sare ta. Amma idan mai tayi ya buɗe da ƙaramar sarauta, yana gaya maka ne cewa akwai babba a waje da yake son fitarwa. A nan riƙe makinka, tunda bayanka akwai abokin hamayya da bai ajiye ba tukuna. Na biyu, idan buɗi ya faɗo hannunka, fito da tagwayenka. Duk tagwayen da ka buɗe a dangin da mai tayi ba shi da shi, ƙofa ce ka buɗe masa ya jefar da maraya kyauta. A hannun da muka gani, da Arewa ya samu buɗi sau ɗaya, 6-6 ɗinsa za ta haɗiye 5-4 ta Kudu, ta kuma kira shida daga hannun Gabas. In tagwayen sun ƙare, buɗe dangi mai sauƙin maki ka mayar masa da wasan. Kada ka kira biyar ko huɗu ba ka riƙe da kan dangin.

Magana a kan hannu haramun ce a tebur, haka ishara da ido ko buga yatsa. Abin da ya rage shi ne ƙwayoyin su yi magana. Wasu 'yan wasa suna da al'adar cewa ƙwayar farko da ka zubar idan ka kasa bin sarauta tana nuna dangin da kake da tagwayensa, ka zubar da 6-1 a fahimci 6-6 na wurinka. Ana jayayya a kan wannan, wasu na ganin hikima ce, wasu na ganin in an shirya ta tun a waje ta zama maguɗi. Ni abin da na fi damuwa da shi daban ne: duk abin da abokinka ya karanta, mutum biyu ma sun karanta, kuma sau da yawa su labarin ya fi amfana.

Masu tsaro kuwa lissafinsu ya juya. Abokin mai tayi yana taka-tsantsan da maki don yana da damar zubawa da yawa a gaba. Mai tsaro ba shi da wannan jin daɗin. Mai tayi mai hannun kirki zagaye ɗaya ko biyu zai saki, kuma duk makin da bai hau waɗannan ba, nasa ne a ƙarshe. Saboda haka idan mai tayi ya fito da maraya, kai ne na biyu, ba ka da dangin, 6-4 na hannunka, ba ka san ko abokinka na ƙarshe zai ci ba, yawanci ɗorawa ya fi. In abokin mai tayi ya ci, ka ba da abin da dama za a ƙwace. In naka ya ci, 11 sun shigo a bugu ɗaya, saura biyu a karya 30. Mai jiran tabbas yakan tashi da goma a hannu a zagaye na bakwai, ya ajiye ta kan tagwayen mai tayi yana tsaki. Abin da zai hana ka ɗorawa shi ne in ka ga alamar akwai wata marayar a baya wadda kai da kanka za ka ci.

Idan buɗi ya zo hannun mai tsaro, tambayar ita ce ina sauran makin suke, wane dangi ne zai jawo su. Zagayen da aka ci a yawancin tebura a buɗe suke a gefe, kowa na gani, don haka rashin sanin abin da ya fita lalaci ne kawai. Ka ga 6-4 ba ta fito ba, ba ta hannunka, kana da 4-4, to kira huɗu. In tana hannun abokinka zai ɗora, in tana hannunsu ita kaɗai dole ta fito. Wurin zama ma yana da tasiri. Yamma in ya buɗe, mai tayi ne na ƙarshe, ya ga komai kafin ya yanke shawarar sarewa. Gabas in ya buɗe, mai tayi ne na biyu, dole ya zaɓa a makance ko ya ƙone 'yar sarauta ko ya bari, Yamma kuma na bayansa yana kallo. Buɗi daga dama ya fi cizo.

Yadda ake ƙirga nasara shi ma yana shiga cikin tayi. Akwai masu ƙirga maki har 250, inda kowane maki ke da daraja. Amma abin da ya fi yaɗuwa shi ne ƙirgar alama: kowane hannu alama ɗaya, wanda ya fara kai bakwai ya ci, ana zana su layi-layi har su haɗa harufan ALL, uku ga na farko, biyu-biyu ga sauran. A wannan tsarin wanda ya taya 30 ya samu 30 da wanda ya taya 41 ya samu 42 ladansu ɗaya. Ke nan tayi mai tsawo ba ya ƙara komai sai hana wani karɓa. Mai magana ta ƙarshe, wanda ya cakuɗa, shi ya fi kowa morewa, don ya ji kowa, ɗaya kawai zai ƙara. Mai magana ta farko ba shi da wannan, baki ɗaya gare shi, don haka dole ya faɗi iyakar abin da hannunsa zai ɗauka ko kusa da haka, in ba so yake a ƙwace da 31 ba. A tebura da yawa kuma 30 daga bakin farko ana fahimtarta a matsayin "ina da tagwaye, zan iya taimako", abokin da ke da dangin kirki sai ya hau kai. Hawa kan tayin aboki ba tare da irin wannan dalilin ba ɓarna ce, kun ƙara wa kanku nauyi ba wanda ya tilasta ku.

Daga 41 sai 42, alama ɗaya a kan cewa za ka kwashe duka, sai 84, alama biyu a kan magana ɗaya. Akwai wasu tayin na musamman, kamar nelo inda mai tayi ke alƙawarin ba zai ci ko zagaye ɗaya ba abokinsa kuma ya kife nasa ya zauna, amma gasa da yawa ba sa yarda da su, kuma wasa ne daban da ke son nasa bayanin.

A 84 ne shawarar da na bayar ta maraya take kifewa. Tunda ko zagaye ɗaya ba za a rasa ba, babu batun rasa shi da arha. Maraya sai ƙarshe, da fatan kafin a kai can duk wadda ta fi ta a danginta an zubar, ta wuce ba mai tarewa. Maki sun daina aiki, mai tsaro na iya jefar da 6-4 ba tare da ya waiwaya ba idan ba ita ce makaminsa ba. Aikinsa ɗaya ne, ya gano dangin marayar ya riƙe abin da zai doke ta. A wurare da yawa ma ana tara zagayen da aka ci bisa juna a irin wannan tayin, yadda ba za a ga na baya ba, sai abin da kai ya riƙe.

A ce Kudu ya taya 84, ya janye sarauta, ya fara sakin tagwaye. Kai Gabas kana da 4-4, 6-5 da 2-0, zagaye uku suka rage, kuma ba ka da abin bi. Tagwayen da mai tayi ya nuna suna ba da labari, don mai 84 yakan riƙe maraya ne a dangin da yake da tagwayensa, ya buga tagwayen ya zare na sama, sannan ya biyo da ita. In ya buga 5-5 aka tilasta maka ba da 6-5, shi ke nan, ya zare ka. Da kana da wata biyar ƙarama tare da ita, da ka ba da ƙaramar ka zauna da babbar, shi ya sa a tsaron 84 biyu 'yan dangi ɗaya sukan fi tagwaye ɗaya tilo amfani. In kuwa bai taɓa biyar ba har zagaye na shida, kai kuma saura 4-4 da 6-5, sai ka duba abin da abokinka ya zubar. Ya jefar da 5-5 da kansa alhali yana da zaɓi, to yana gaya maka ya ƙirga biyar ya ga babu wadda ta rage da za ta kira ta, ko kuma yana tsare wani dangin da ya fi zato. Ka ƙirga 'yan dangin huɗu da suka fita. In biyar sun fita, ga taka ta shida, saura ɗaya a waje ba ka san inda take ba, kuma ba 6-4 ko 5-4 ba ce, 4-4 ce za ka riƙe. In duk sun fita, tagwayen nan ta zama dutse, jefar da ita ka riƙe 6-5, wadda ke tsare gida biyu.